Suna a Rajista, Kuɗi a Hannu: Matsalar Tallafin Talakawa a Ƙasar Dogon Daji

Dogon Daji gari ne a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, bisa hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Jega. Galibin mutanensa, kamar maƙwabtansu na Kebbe, manoma ne. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dalilin da ya sa tallafin da aka tanadar wa matalautansu yake maƙalewa a hanya.

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin ba matalautan gidaje naira 5,000 a wata, ana biya bayan wata bibbiyu, galibi a hannun uwargida. Ba a rubuta takardar neman shiga. Jama'ar gari ake tarawa, su faɗi wanda suke kira matalauci, sannan ma'aikata su bi gida-gida su sa sunaye cikin rajistar ƙasa. A 2023 aka shelanta wani sabon biya na naira 25,000 a wata har wata uku, ga gidaje miliyan 15, ta asusun banki ko na waya, bayan an tantance mutum da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN.

To, a nan gizo ke saƙar. Bahaushe mutum ne mai sunaye da yawa. Wadda aka rubuta Indo a rajista, watakila A'ishatu ce a katinta. Garba shi ne Abubakar, Mamman shi ne Muhammadu. Kowa a gari ya san haka, amma na'ura ba ta sani ba, sai ta ɗauke su mutum biyu ta hana kuɗi. Ga kuma kunya, wadda kan hana mace ambaton sunan mijinta ko na ɗan farinta a gaban marubuci, har wani ya faɗa a madadinta, ya faɗa ba daidai ba. Layin waya ma sau da yawa na ɗa ne da ya tafi ci-rani, saƙon biya ya same shi can Ikko.

Taimakon da ake bukata, a ganina, bai fi ƙarfin ɗalibin da ya zo hutu ba. Ya zauna da mutan gida, ya jera katin shaida da takardar banki, ya duba ko suna da shekarar haihuwa sun zo ɗaya harafi da harafi. In sun saɓa, ya raka mai su wurin gyara. Lambar sirri kuwa kada ya karɓa, kada ya bari a ba mai POS.

Wanda rajista ta tsallake yana da wata ƙofa, ita ce Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda ke aiki ta hannun kwamitocin gundumomi. Sai dai nan ma mai surutu kan riga mai kawaici. Gwauruwar da ke riƙon marayu ba za ta je fadar hakimi da ƙafarta ba, sai liman ko mai unguwa ya kai sunanta.