Harshe da Fassara a Matsayin Tushen Bambancin Kundin Yahudawa da Tsohon Alkawari

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan ɗauka cewa kundin littattafan Yahudawa da Tsohon Alkawari na Kirista abu ɗaya ne. Wannan maƙala za ta nuna cewa sun bambanta ta fuskar ƙidaya da jeri da ƙunshiya, kuma harshe ne tushen bambancin ƙunshiyar.

2.0 Ƙidaya da Jeri

Kundin Yahudawa, wato Tanak, littattafai 24 ne cikin kashi uku: Attaura da Annabawa da Rubuce-rubuce. Tsohon Alkawari na Furotesta kuwa littattafai 39 ne, alhali matanin ɗaya ne. Dalili shi ne Kirista sun raba Sama'ila da Sarakuna da Tarihi gida biyu-biyu, sun raba Ezra da Nehemiya, sannan sun ƙirga ƙananan annabawa 12 ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma jerin ya sha bamban: Tanak kan ƙare da Tarihi, Tsohon Alkawari kuwa da Malakai.

3.0 Ƙunshiya

A ƙarni na 3 kafin Miladiyya Yahudawan Iskandariya suka fara fassara Attaura daga Ibrananci zuwa Girkanci. Wannan fassara da ake kira Saftuwajinta ta haɗa daga baya da littattafan da ba su cikin Tanak, kuma da ita Kiristocin farko suka fi aiki. Jerom, wanda ya fassara kundin zuwa Latin wajen ƙarshen ƙarni na 4, ya fifita matanin Ibrananci. Martin Luther ya bi wannan ra'ayi, inda a bugun Jamusanci na 1534 ya ware ƙarin littattafan gefe guda. A 1546 Majalisar Tirento ta tabbatar wa Katolika littattafai 46, waɗanda suka haɗa da Tobit da Judit da Makabiyawa biyu da Hikima da Sirak da Baruk. Sai dai guntayen Tobit da aka samu a Kumran cikin Aramanci da Ibrananci sun nuna cewa ba dukkan waɗannan ne aka fara rubutawa da Girkanci ba.

4.0 Kammalawa

Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta 1932 ta bi tsarin Furotesta. Saboda haka wajibi ne mai nazarin fassara ya fara tantance kundin da mafassari ya ɗauka kafin ya yanke hukunci a kan abin da ya shigar ko ya bari.