Yadda Ake Juya Akalar Kubit da Maikurowef

An cika cewa kwamfutar kwantum tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda. Maganar da daɗin ji, amma ta bar jaki tana dukan taiki. Asirin yana wajen karon igiyoyi. Jefa duwatsu biyu a tafki ka gani: inda tudun igiya ya haɗu da tudu, ruwa ya ƙara tashi; inda tudu ya faɗa kwari, ruwa ya kwanta. Abin da mai tsara lissafin kwantum ke nema ke nan, hanyoyin da ke kaiwa ga amsar banza su kashe juna, na amsar ƙwarai su ƙarfafa juna.

Kwamfutar kwantum da kubit take lissafi. Kubit ɗin da Google da IBM ke aiki da shi 'yar ƙaramar da'irar lantarki ce. A tsakiyarta akwai mahaɗar Josephson, wato falle biyu na alminiyum da siririn shinge tsakaninsu. Ana sanyaya ta zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili, har lantarki ya riƙa gudana ba turjiya. Matakan kuzarinta biyu na ƙasa su ne 0 da 1. Yasunobu Nakamura da abokan aikinsa ne suka fara sarrafa irin wannan da'ira, a kamfanin NEC na Japan a 1999.

Linzaminta maikurowef ne mai kaɗawa kusan sau biliyan 5 a daƙiƙa, daidai da na Wi-Fi. In kaɗawar ta dace da tazarar matakan nan, sai kubit ya shiga kai da komo tsakanin 0 da 1. Katse bugun maikurowef ɗin a rabin hanya, ka bar shi da ƙafa a duka biyun.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na William Oliver da abokansa a MIT a 2005. Sun tsananta bugun har kubit ya riƙa ratsa wurin da matakan ke kusan haɗuwa, sau da yawa. Kowace ratsawa sai halinsa ya rabu biyu, in ya dawo rassan su yi karo. Sakamakon ya fito layi-layi, nan 1 ya yi rinjaye, can ya ɓace.

Matsalar ita ce kubit ba ya jimrewa. Ɗan zafi ko hayaniyar lantarki ya isa ya ɓata lissafin. Na guntun Willow da Google ta fitar a 2024, mai kubit 105, kusan maikurosakan 100 suke riƙe halinsu, shi ya sa kowane bugu ba ya wuce 'yan gomman nanosakan.