Kafin ka sayi fili, ka fara auna hanyar ƙofar gidanka

A daminar da ta wuce, a wata sabuwar unguwa da ke bayan Kasoa, mun yi jana'izar wani dattijo maƙwabcinmu. Motar da za ta ɗauki gawa ta iso bakin babban titi, direba ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Malam, ko na shiga ba zan fito ba." Haka muka saɓa makara a kafaɗa, muna tsallake taɓo da ramuka, har muka kai inda motar ta tsaya. Gidajen da muka wuce kuwa sababbi fil, wasu har da bene da ƙofar ƙarfe. Kuɗi an kashe. Hanya ce babu.

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi, ko Aboabo ta Kumasi, ya san lungun da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Cunkoson nan ne ya sa da yawanmu suka tara 'yan sidi suka nufi Kasoa da Amasaman da Ashaiman da bayan Madina neman fili. Abin takaici, lungun da muka gudo masa shi muke sake ginawa da hannunmu, wannan karon da bulo da siminti.

Yadda hanya ke ɓacewa

A Gana mafi yawan ƙasa tana hannun sarakunan gargajiya da dangogi ne. Su ke kiran safiyo ya yanka filaye, ya kafa duwatsun iyaka. A taswira galibi akan bar kamar ƙafa 40 don hanyar cikin unguwa. Sai mai gida na dama ya turo katangarsa ƙafa 5, na hagu ya ce ai shi ma ba a bar shi a baya ba. Saura 30. Kowa ya ƙara rumfar shago ƙafa 6, saura 18. A ajiye mota ɗaya a gefe, abin da ya rage da ƙyar aboboya za ta ratsa. Wani lokacin ma mai sayar da filin ne da kansa zai waiwayo ya yanka hanyar ya sayar wa baƙo.

Ba wai babu doka ba ne. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, wato Act 925, ta ɗora wa majalisun gunduma da na birni alhakin amincewa da tsarin unguwa da ba da izinin gini. Dokar filaye ta 2020, Act 1036, ta tsananta hukunci kan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu da kuma aikin 'yan tsaron fili masu tayar da hankali. Amma sau da yawa gini yana riga tsari isowa. Kafin jami'an asambuli su zo su yi rubutunsu na jan fenti a bango cewa a tsayar da aiki, an riga an ɗora kwano.

Me ake nufi da hanya mai inganci?

Faɗi shi ne na farko. Ƙafa 40 ɗin nan ba na mota kaɗai ba ne. A cikinsa za a fitar da gota hagu da dama, da wurin tafiyar ƙafa, da inda bututun ruwa da turakun lantarki za su bi. Motar kashe gobara faɗinta ya kai kimanin mita 2 da rabi, kuma tana buƙatar wurin juyawa. Shi ya sa ake yanke kusurwar filin da ke kan kwana, kuma hanyar da ba ta ɓullewa ake bar mata fili a ƙarshe.

Na biyu shi ne ruwa, babban maƙiyin titi. Ana gina hanya da ɗan tudu a tsakiya, tana gangarowa gefe kamar santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, don ruwa ya zube cikin gota maimakon ya kwanta. Ita kuma gota dole ta san inda za ta kai ruwan. Gotar da kowa ya gina iya tsawon katangarsa, wannan mai zurfi, waccan marar zurfi, tafkin sauro ce kawai. Inda hanya ta haye magudana kuma sai an sa kwalbati daidai da yawan ruwan. Mutanen Accra ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobara a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle suka ci rayuka kusan 150. Ruwan da ke cika kogin Odaw daga unguwannin sama yake tasowa, inda aka shafe ƙasa da siminti aka toshe masa hanya.

Na uku shi ne abin da ke ƙarƙashi. Kwalta riga ce kawai. Sai an kwashe ƙasar sama mai laushi, an daddaɓe ta ƙasa da injin, an zuba marmara an daddaɓe, an ɗora tsakuwa, sannan a shimfiɗa kwalta ko bulon daɓe. In aka tsallake waɗannan, damina biyu ta isa ta mayar da titin jiya kamar gonar rogo. Unguwar da ba ta da ƙarfin kwalta, marmara mai kyau da gota mai aiki sun fi mata kwaltar ganin ido.

Abin da ke hannunmu

Ni malamin makaranta ne, rajistar aji ita ke gaya mini halin hanyoyinmu. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa a watan Yuni, kujerun yaran sababbin unguwanni ne ke zama wayam. Wanda ya zo kuma ya zo da taɓo har gwiwa, darasin farko ya wuce shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗi, ka nemi ganin taswirar unguwar gaba ɗaya, ba ta filinka kaɗai ba. Ka je sashen tsara gari na asambuli ka tabbatar an amince da ita. Ka ɗauki igiyar awo ka auna hanyar daga dutse zuwa dutse. In da hali, ka ziyarci wurin ranar da aka yi ruwa, ka ga inda yake bi. Maƙwabta kuma su haɗu tun unguwa tana jaririya, su kafa alamar iyakar hanya, su yi karo-karo a haƙa gota ɗaya mai bin gangare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Limamanmu da sarakunan zango su ma da nasu. Addininmu ya san haƙƙin hanya: ya zo a hadisi cewa in an yi jayayya kan hanya a bar mata kamu 7, a zamanin raƙumi da jaki ke nan, kuma kawar da abin cutarwa daga kan hanya sadaka ne. Wanda ya ci ƙafa 5 na hanya, haƙƙin duk mai wucewa ya ci, har da masu ɗaukar makararsa wata rana.

Allah Ya ji ƙan dattijon nan, Ya ba mu ikon barin hanya ga na baya.