Yadda ake gina sabon filin wasan besbol na Dala biliyan 2 a Las Vegas

A ranar 23 ga Yunin 2025 aka aza harsashin ginin sabon filin wasan besbol a birnin Las Vegas da ke Jihar Nevada ta Amurka, aikin da ya haddasa muhawara kan ko ya dace a zuba kuɗin al'umma a harkar da riba ke shiga aljihun attajiri.

Besbol wasa ne da ake dukan ƙwallo da kulki a ruga da gudu. Kowace ƙungiya a babbar gasar MLB kan buga wasa 81 a gida duk kaka, shi ya sa fili ne tushen arzikinta.

Dalilin ƙaura

Ƙungiyar Athletics ta zauna a birnin Oakland na Jihar Kalifoniya tun 1968. Filin da take amfani da shi ya tsufa, kuma an shafe shekaru ana tattaunawa da hukumomin birnin kan gina sabo ba tare da an daidaita ba.

A Nuwamban 2023 masu ƙungiyoyin gasar suka amince wa mai ƙungiyar, John Fisher, ya koma Las Vegas. Kafin a kammala ginin, ƙungiyar tana zaman wucin gadi a wani ƙaramin fili a West Sacramento.

Wa zai biya?

A Yunin 2023 Majalisar Dokokin Nevada ta amince da tallafin da bai wuce Dala miliyan 380 ba, Gwamna Joe Lombardo kuma ya sanya hannu. Ba tsabar kuɗi za a miƙa ba. Wani kaso rangwamen haraji ne daga jiha, wani kuma bashi ne da Gundumar Clark za ta ciwo, a biya daga harajin da za a riƙa tarawa a filin.

Da farko an ƙiyasta aikin a kan Dala biliyan 1.5. Zuwa ƙarshen 2024 ya kai biliyan 1.75, daga baya aka fara maganar biliyan 2. Tunda doka ta ƙayyade kason gwamnati, duk ƙarin da aka samu yana wuyan ƙungiyar. A nata ɓangaren, ƙungiyar ta ɗauki alkawarin zama a birnin na shekara 30.

Tsarin ginin

Don samar da wuri, an rushe otal ɗin Tropicana da nakiya a ranar 9 ga Oktoban 2024, otal ɗin da aka buɗe tun 1957. Filin zai ci eka tara kawai, ya ɗauki 'yan kallo 33,000, wato yana cikin ƙanana a gasar.

Las Vegas cikin hamada take, kuma zafin tsakiyar shekara kan wuce digiri 40, daidai lokacin da kakar wasa ke kan ganiyarta. Saboda haka kamfanonin BIG da HNTB suka zana fili mai rufi da na'urorin sanyaya iska, tare da katafaren bangon gilashi mai kallon birnin. Ana sa ran buɗe shi a 2028.

Inda aka saɓa

Ƙungiyar malaman makarantun Nevada ta yi adawa da tallafin, tana mai cewa makarantu sun fi buƙatar kuɗin. Ta nemi a kai batun ga ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, amma Kotun Ƙolin jihar ta hana a 2024.

Magoya bayan aikin suna kafa hujja da ayyukan yi da baƙin da za su zo kallo. Masana tattalin arziki da dama kuwa suna ganin kuɗin da ɗan gari ya kashe a fili, da ma zai kashe shi ne a wani wurin shaƙatawa na garin, don haka ƙaruwar ba ta taka kara ta karya ba.

Hujjar Las Vegas ita ce gari ne na masu yawon buɗe ido. Idan baƙi suka cika kujerun, harajin zai biya bashin. Idan ba su zo ba, nauyin na iya komawa kan masu biyan haraji.