Yadda tsammanin majinyaci ke tasiri a gwajin magungunan ciwon damuwa

Kafin a sayar da magani a Najeriya, sai Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa (NAFDAC), mai hedikwata a Wuse Zone 7, Abuja, ta gamsu da hujjojin amfaninsa. Haka kuma ita ce ke ba da izinin gwajin magani a kan mutane a ƙasar.

A irin wannan gwaji akan raba majinyata gida biyu. Rukuni ɗaya ya sha maganin, ɗayan kuma a ba shi ƙwaya mai kama da shi wadda babu sinadarin magani a cikinta, wato filasibo. Daga likita har majinyaci babu wanda ya san abin da kowa ya sha.

A ciwon damuwa, masu shan ƙwayar wofin ma kan sami sauƙi ƙwarai. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2002 ya duba gwaje-gwaje 75, ya gano cewa kimanin kashi 50 cikin 100 na waɗanda suka sha magani sun ji sauƙi, amma kusan kashi 30 na waɗanda suka sha filasibo ma haka. Wani ɓangare na wannan sauƙin ya samo asali ne daga kulawar ma'aikatan lafiya da kuma lafawar da ciwon kan yi da kansa.

Domin a ware rawar tsammani ita kaɗai, Dokta Bret Rutherford na Jami'ar Columbia a Amurka da abokan aikinsa suka yi wani gwaji da aka wallafa a 2017. An tabbatar wa wasu majinyata cewa maganin citalopram suke sha, aka shaida wa wasu cewa mai yiwuwa filasibo ne. Bayan makonni takwas, waɗanda aka ba tabbaci sun fi samun sauƙi, alhali ƙwaya ɗaya suka sha da takwarorinsu da suka dace da maganin a ɗaya rukunin.

Kuskure ne a ɗauka daga nan cewa maganin ba shi da amfani. Nazarin da mujallar Lancet ta fitar a 2018 kan gwaje-gwaje 522 ya nuna dukkan magunguna 21 da aka duba sun fi filasibo aiki.

Tsammani na iya cutarwa kuma. Magunguna irin su fluoxetine da amitriptyline kan ɗauki makonni biyu zuwa shida kafin a ga canji. Majinyacin da ba a yi wa wannan bayani ba, mai jiran saurin farasitamol, kan yanke ƙauna ya ajiye maganin a makon farko.