Don ka ga https ba shi ke nuna shafin na gaskiya ba ne

Makon jiya wani abokina ya turo linki a guruf ɗinmu na WhatsApp, wai ana raba wa ɗalibai tallafi, BVN da lambar katinka kawai za ka shigar. Da na ce damfara ce, sai ya ce, "Haba malam, ba ka ga https ba? Ai shafin yana da tsaro." Na san kai ma ka taɓa jin wannan hujjar.

To ga abin da ke faruwa a bayan fage. Duk shafi mai https yana da mabuɗai biyu: na sirri da yake ɓoyewa, da na fili da yake miƙa wa wayarka domin a kulle abin da kuke aika wa juna. Amma ta yaya wayar za ta san mabuɗin na shafin ne, ba na wani da ya shiga tsakani ba? Sai wata amintacciyar hukuma ta sa hannu a kansa.

A da yawanci kuɗi ake biya kafin a samu sa hannun. A 2015 Let's Encrypt, ta wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, ta fara bayarwa kyauta. Kuma fa ba mutum ke zaune yana duba takardu ba, kwamfuta ce. Za ta ce wa mai shafin ya ajiye wani ɗan fayil a adireshinsa; in ta leƙa ta gan shi, shi kenan, cikin daƙiƙoƙi ta sa hannu. Takardar shaidar kan yi kwana 90 a sabunta. Zuwa Fabrairun 2020 ta bayar da biliyan ɗaya.

Ni dai ina ganin alheri ne, ko ɗalibi mai ƙaramin shafi yanzu yana samun kariya. Sai dai abu ɗaya kwamfutar ke tantancewa: adireshin nan a hannunka yake? Ba ruwanta da ko kai waye. Ɗan damfara ya sayi adireshi mai kama da na banki, harafi ɗaya ya bambanta, shi ma za a sa masa hannu. Bayananka za su tafi a kulle tsaf, amma hannun ɓarawo za su sauka. Mutane sun daɗe suna yi wa alamar kwaɗo a Chrome wannan gurguwar fahimta, har Google ya cire ta a 2023.

Saboda haka adireshin za ka karanta, harafi bayan harafi, kafin ka rubuta komai. Abokin nawa kuwa ashe ya riga ya tura nasa tun kafin mu fara gardama. Washegari da sassafe yana layin banki a toshe masa kati.