Tattalin Mai a Hanyoyin Sassumbrum

Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man da ake tsallakowa da shi ƙasar Magariya, ana sayarwa a kwalabe bakin hanya, ya yi tsada, har tattalinsa ya zame wa direbobi da ƴan kabu-kabu dole. Babban abin da ke shan mai a yankin Sassumbrum na ƙasar Magariya shi ne rairayi, domin taya tana nutsewa, injin yana wahala a ƙaramar giya. Gogaggen direba yakan rage iskar taya kafin ya shiga rairayi, amma wajibi ne ya mayar da ita idan ya hau kwalta, saboda taya mai laushi tana ƙara jan mota. Taka totur a hankali, da kakkaɓe matacin iska lokacin hunturu, su ma suna rage ɓarna.